Akwatin Tambayoyinku: Batir, Duro da Gidan Gas a Tsakiyar Zongo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan saƙonni sun taru sosai kuma kusan dukansu akan abu ɗaya suke, guba da wuta da muke kwana dasu cikin unguwa. Na ɗauki biyar, na rage tsawon wasu, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba. Wanda bai sanni ba, nayi shekaru ina aikin kula da tsaro da lafiyar ma'aikata a masana'antun garin Tema a Gana kafin in ajiye, to daga can nake magana.

TAMBAYA: Salam Malam dan Allah inada damuwa. Ni matar aure ce yarana uku, akwai wani a bayan gidanmu yana sayen tsofaffin batirin mota yana fasa su da gatari ya zubar da ruwan cikin kwata, in dare yayi kuma ya hura wuta yana narka ƙarfen ciki, hayaƙi ya hanamu barci, ƙaramin yarona kullum ciwon ciki baya son abinci, matsalar mutumin ɗan'uwan maigidana ne in nayi magana ace ina raba zumunci, ya zanyi? Daga uwar yara uku, Ashaiman.

AMSA: Ƙanwata, kafin muzo maganar zumunci, ki goya yaron nan ki kaishi asibiti gobe ba jibi ba. In kin shiga wurin likita karki tsaya a ciwon ciki kawai, ki faɗa masa da bakinki ana narka dalma a bayan gidanmu, a gwada jininsa. Dalilin da yasa nace haka, gubar dalma tana zuwa da kamar wasu ciwuka, ciwon ciki, rashin cin abinci, ƙarancin jini, kuka da rigima, sai ayi ta bada maganin tsutsar ciki da na maleriya ana dawowa. Gwajin jini ne kaɗai ke nuna ta. In basu yi a nan ki roƙi takarda zuwa babban asibiti, kuma ki haɗa da sauran biyun ko da lafiyarsu ƙalau kike gani.

Abin da ke cikin batirin mota fiye da rabin nauyinsa dalma ce, ruwan kuma asid ne mai cin fata da ƙarfe, kuma shi kansa ruwan ya jiƙa da dalmar. In an narka ta hayaƙin yana sauka ya zama ƙura, ƙurar ta kwanta a tsakar gida, akan tabarma, akan kwanon abinci, yaro yayi rarrafe ya sa hannu a baki shikenan. Jikin yaro yana zuƙar dalma ninki 4 zuwa 5 fiye da na babba, kuma hukumar lafiya ta duniya tace babu wani ɗan mizani da za'a ce wannan bai cutarwa. Inda tafi ɓarna ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata a can baya dawowa, yaro ya tashi karatu baya zama a kansa ayi ta dukansa a makaranta ana cewa daƙiƙi ne. Mai ciki kuma tana miƙa wa ɗan cikinta.

Mu Hausawa bama buƙatar a bamu labari. A 2010 a Zamfara yara sama da 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje, a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega sai da aka kankare ƙasar tsakar gida aka zuba sabuwa. A Thiaroye, wata unguwa a gefen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, su kuma sanadin wannan sana'ar ce tak, fasa batir a cikin unguwa.

Kafin a rabu da abin, ki daina share tsakar gida a bushe, ki yayyafa ruwa ki goge da tsumma, a wanke hannun yara da sabulu kafin cin abinci, takalmi ya tsaya a bakin ƙofa, abinci a rufe, karsu yi wasa a bayan gidan. Kuma dan Allah a daina yarda da zancen cewa madarar gwangwani tana wanke guba, nasan masu walda da masu ƙona waya da yawa sun riƙe wannan, madara abinci ce mai kyau amma bata fitar da dalma daga jini.

Maganar zumunci kuwa, ki fara da maigidanki ki nuna masa sakamakon asibiti, takarda tafi baki ƙarfi. Shi ɗan'uwan nasa ma ai 'ya'yansa suna shaƙar ƙurar jikin rigarsa kullum in ya koma gida. Ba cewa za'ayi ya bar neman abinci ba, ya riƙa tara batiran a rufe da ruwansu ya miƙa wa masu lasisin sarrafa su, ba fasawa ba narkawa. In yaƙi ji a saka liman da sarkin Zongo, in abin ya faskara akwai asambliman wato kansilan unguwa, akwai duba-gari na asambli wato ƙaramar hukuma, waɗanda muke kira tankas, akwai ofishin hukumar kare muhalli EPA. Tun 2016, da doka mai lamba 917, aka riga aka sa irin wannan shara cikin masu haɗari da ba'a sarrafa su kara zube. Hana shi kashe 'ya'yan ɗan'uwansa shine zumuncin ai.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Ina aiki a wani kamfani a Tema, duk ranar da akace masu bincike zasu zo sai a raba mana sabon takalmi da hular kwano da safar hannu a share ko'ina a shafa fenti, suna tafiya a karɓe kayan a maida sito, da dare kuma akwai bututun da ake buɗewa wani baƙin ruwa mai wari ya tafi kwata. Gashi duk satifiket suna rataye a ofishin manaja. Wai shi wannan binciken meye amfaninsa, kuma in nayi magana ai kora ce. Daga wani matashi, Nima.

AMSA: Ɗana, saƙonka ya taɓa ni domin na gani da idona. Na taɓa aiki a wani wuri da suke da injin tace ƙazamin ruwa mai kyau, amma ba'a kunna shi sai ranar baƙi saboda wai yana cin wuta da sinadari. Abin da ya tona asirin ba wani na'ura bane, rasit ne. Aka ce a kawo takardun sayen sinadarin da ake tace ruwan dashi na shekara guda, sai gashi abin da aka saya ko na wata ɗaya bazai isa ba, aka ce to ina taɓon da injin ke fitarwa in yana aiki, wace mota ta kwashe, ina ta kai, shiru.

Wannan shine bambancin odit, wato bincike, na gaskiya da yawon buɗe ido. Mai binciken ƙwarai bin sawu yake. In kun sayi duro 100 na sinadari, 80 sun shiga cikin kaya, to ina ragowar 20, wa ya ɗauka, yana da lasisi, a ina aka ƙona ko aka binne, ina sa hannun wanda ya karɓa. Baya faɗin ranar zuwansa, wani lokaci cikin dare zai faɗo, zai zagaya bayan katanga ya ɗaga murfin kwata ya ɗebi ruwa da hannunsa ya kai ɗakin gwaji, bazai karɓi kwalbar da manaja ya miƙo masa ba. Zai ja mai aikin dare gefe ya tambaye shi, in injin nan ya kama hannun abokinka ina zaka danna, yaushe rabon da kuyi atisayen gobara. Zai duba tukunyar kashe gobara ko allurarta ta faɗi, ya tura ƙofar gudun tsira yaga ko an sa mata kwaɗo, ya duba ko tankin sinadari yana da ɗan ginin da zai tare ruwan in ya fashe. Sabon takalmi ma shi kansa shaida ne, wanda yasan aiki in yaga mutum 50 duk takalminsu na sheƙi yasan yau aka raba.

Masu binciken kuma ba ɗaya bane, shi yasa ake samun giɓi. EPA ita ke bada famit, wato takardar izini, na muhalli, kuma tun ƙa'idojin 1999 aka wajabta wa masana'anta ta riƙa kai rahoton muhalli duk shekara, a 2025 kuma akayi sabuwar doka mai lamba 1124 da ta ƙara wa hukumar iko. Lafiyar ma'aikaci da injuna aikin sashen sufetocin masana'antu ne ƙarƙashin doka 328, doka ce ta 1970, ka duba tsufanta, shekara da shekaru ana maganar haɗa doka guda ta tsaron ma'aikata. 'Yan kwana-kwana su ke bada satifiket na gobara. Kowa yazo ya duba nasa ya tafi, bututun dare kuma bashi cikin fayil ɗin kowa. A 2010 EPA ta fito da wani tsari mai suna AKOBEN inda take yiwa kamfanonin ma'adinai da masana'antu maki da launi biyar, ja, ruwan lemo, shuɗi, kore da ruwan zinare, a buga kowa ya gani. A ra'ayina wannan yana cikin abu mafi amfani da aka taɓa yi, domin kamfani yafi tsoron kunya a jarida akan tara, kuma ya kamata ace duk shekara ana manna launin kowane kamfani a bakin get ɗinsa.

Shi baƙin ruwan nan ba ɓacewa yake ba. Kaje ka tsaya a bakin tafkin Chemu can wajen Tema New Town ka gani da hancinka, daga nan teku yake shiga, daga teku kuma kifi ne a cikin miyarmu.

Haƙƙinka yanzu. Dokar ƙwadago 651 ta 2003 sashe na 118 yace kayan kariya wajibi ne akan mai kamfani kuma kyauta, ba aro ba. Sashe na 119 yace in kaga haɗarin da zai iya taɓa ranka ka sanar da shugabanka ka janye jikinka, kuma ba'a korarka ko a riƙe albashinka saboda haka. Akwai kuma dokar kare masu tona asiri, 720 ta 2006, ana iya kai maganar hukumar kare haƙƙin ɗan Adam CHRAJ. Amma bazan yaudare ka ba, abin da ke takarda daban abin da manaja zai iya yi maka daban, musamman in kai ɗan kwantiragi ne. Saboda haka kar kayi gaggawa kuma kar ka tafi kai kaɗai. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta rana da lokacin da ake buɗe bututun da launin ruwan, wata ɗaya ko biyu, hoto kuma daga wajen katanga inda ruwan ke fita yafi aminci, in kuna da yuniyon ku bi ta nan, ƙorafin ya zama a rubuce a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Abu ɗaya da bana son ka jira komai akansa, in aka ce ka shiga cikin tanki ko rami ka wanke ba'a gwada iskar ciki ba, ba igiya ba mai tsaye a sama, kace a'a ko da aikin zai tafi. Irin wannan wurin mutum baya ko ihu yake faɗuwa, wanda ya shiga ceto shima ya bishi.

TAMBAYA: Malam na sayi shuɗin duro na roba a kasuwa don tara ruwa tunda famfo baya zuwa kullum, na wanke da Omo sau uku amma har yanzu ruwan yana ɗan wari, akwai hoton ƙoƙon kai a jikinsa, zan iya sha? Daga wata 'yar'uwa, Maamobi.

AMSA: A'a 'yar'uwa, kar ki sha, kar ki dafa, kar kiyi wa yara wanka dashi. Roba tana tsotse sinadari cikin jikinta ta riƙa sakinsa a hankali, ko sau 20 kika wanke, balle in duron yana rana. Hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa ma'anarsa guba mai kisa. Ki huda gindinsa don kar wani ya ɗauka ya zuba ruwa. Nan gaba ki nemi wanda aka zubo kayan abinci a ciki kuma takardarsa na manne, wanda aka kankare takardar jikinsa ki barshi komai arahar sa. Laifin na kamfanin da ya saki duron guba ya shiga kasuwa ne, shara ce mai haɗari da ya kamata ya bada lissafinta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, ana shirin buɗe wurin ɗura gas kusa da makarantar Islamiyyarmu, katanga ɗaya ce tsakani, mai wurin yace yana da duk takardu. Mu kwamitin makaranta me zamu iya yi? Daga wani malamin Islamiyya, Madina Zongo.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri da kuka tashi tun kafin a buɗe, domin hana ginawa yafi tashin wanda ya riga ya zauna sauƙi. Ku mutanen Madina ai a ƙofar gidanku abin ya faru, ranar 7 ga Oktoba 2017 a Atomic Junction tankar gas tana saukewa ta kama, wutar ta tsallaka gidan man da ke kusa, mutum 7 suka rasu sama da 100 suka ji rauni. Kafin nan ga daren 3 ga Yuni 2015 a Circle cikin Accra, mutane sun fake wa ruwan sama a gidan mai, fetur ya bi saman ambaliya wuta ta tashi, sama da 150 suka tafi, Allah ya jiƙan musulmin cikinsu ya baiwa iyalai haƙuri.

Gas ɗin girki yafi iska nauyi, in ya tsiyaye baya tashi sama, ƙasa yake bi ya kwanta a kwata da lungu har ya tarar da murhun mai koko ko mai tsire. Lokacin da yafi haɗari kuma sa'ar da tanka ke saukewa. Shi yasa bayan Atomic gwamnati ta sanar da tsarin musayar tukunya, a riƙa ɗurawa a manyan wurare nesa da gidaje, mutum ya kawo wofi ya karɓi cikakkiya.

Kar ku tsaya a yace yana da takardu, ku nemi gani, famit na EPA, lasisin hukumar man fetur NPA, satifiket na 'yan kwana-kwana wanda wata 12 yake yi a sabunta, da izinin gini na asambli. Ku duba kwanan wata, ku duba ko adireshin wannan filin ne, ku duba ko taswirar da ya kai ta nuna akwai makaranta a jikin katangar, domin nan ne ake yawan yin rufa-rufa. In ya hana, dokar samun bayanai 989 ta 2019 ta baku damar rubuta wa hukumomin da kansu, kwana 14 suke dashi su amsa. Ku rubuta takardar ƙin yarda da adadin ɗalibai da sa hannun iyaye ku kai ko'ina cikin huɗun. Lambar gaggawa 112, ta kwana-kwana 192, a rubuta a bangon aji.

TAMBAYA: Malam ni shekarata sama da 20 a harkar kondem, wato tsofaffin ƙarafa da kayan lantarki, da wannan sana'a na aurar da 'ya'ya na je Makka. An rushe mana Agbogbloshie, wurin sana'armu a Accra, an watsa mu, kullum mu ake zagi wai mun ɓata gari, alhali Turawa ne ke jibgo mana shararsu, me yasa ba'a kama su sai mu talakawa? Daga wani Alhaji, tsohon ɗan Agbogbloshie.

AMSA: Alhaji ranku ya daɗe, kuna da gaskiya babba kuma bazan rage muku ita ba. A 1988 daga Italiya aka kawo dubban durorin guba aka jibge a garin Koko a Najeriya. A 2006 jirgin Probo Koala ya sauke dattinsa aka bi dare aka zubar a wurare daban-daban cikin Abidjan, aƙalla mutum 15 suka mutu sama da 100,000 suka nemi magani. Irin abin da ya faru a Koko ne ya haifar da yarjejeniyar Basel kan ketarar da shara mai guba a 1989, ƙasashen Afirka kuma suka ga bata isa ba suka yi tasu a Bamako a 1991. Kuma in babu ku da tsofaffin firij da talabijin sun toshe kogin Odaw fiye da yadda yake, ku ne kuke kwashe abin da asambli bata kwashewa.

Amma ku yi mini haƙuri in ƙara ɗaya. Binciken da akayi kan shekarar 2009 ya nuna kayan lantarki kusan tan 215,000 aka shigo dasu Gana, kashi 70 na hannu ne, kuma mafi yawansu suna aiki ko ana iya gyarawa, mu muka saya muka mora suka mutu a hannunmu. To kaso mai yawa na sharar tamu ce. Kuma hayaƙin wayar da ake ƙonawa don cire jan ƙarfe ba Bature yake shaƙa ba, yaran da kuke ɗauko wa aiki daga Arewa ne, su da masu tallan ruwa da abinci. A 2019 an fitar da sakamakon gwajin ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie, gubar dayoksin da ke cikin ƙwai ɗaya ta ninka abin da hukumar abinci ta Turai ta yarda mutum yaci a rana sau 220. Wa yake cin ƙwan nan in ba ku da iyalanku ba.

Rusau ɗin Yulin 2021 kuma ni ban taɓa ganinsa a matsayin magani ba, gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Da wuri ɗaya ne hukuma tasan inda zata je ta auna ƙasa ta kawo inji, yanzu sana'ar ta watsu cikin lunguna da bayan gidaje, tambayar farko ta wannan shafin ma kun ga daga ina ta fito. Abin da ya kamata shine fili nesa da gidaje mai daɓen siminti da rumfa, da lasisi a hannun ƙungiyarku, harajin muhalli da doka 917 ta ɗora akan kayan lantarkin da ake shigowa dasu kuma ai don irin wannan aikin aka yi shi, kuna da bakin tambayar ina kuɗin suke.

Ku kuma manya a harkar akwai abin da ke hannunku tun yau. Injin feƙe waya ba wani abin a zo a gani bane, mutum biyar zasu iya haɗa kuɗi su saya, jan ƙarfen da ba'a ƙona ba ma yafi tsabta a wurin mai saye. Batir kar a fasa a yadinku, man tiransifoma kar a sayar wa kowa don an sha samun guba a cikin na tsofaffi, yaro ƙarami kar ya taɓa aikin wuta, kuma a ajiye bokiti da sabulu da rigar canji a bakin yadi kowa ya wanke kafin ya tafi gida. In ƙungiyarku ta shirya zama ku aiko mini ta ofishin mujalla, zan zo da kaina mu zagaya yadin tare, mu fara daga inda ruwan sama ke bi in ya fita daga wurinku.